Muryar da Ban Kwafa Ba

Da hannuna na goge muryar Yayana, ranar wata Alhamis tsakanin azahar da la'asar, kuma ina murmushi lokacin da na danna.

Kwamfutar tasa ce. Laftof baƙa mai nauyi, wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, in aka ɗauke wuta sai ta ɗauke tare da ita. Yaya yana buga takardu a wani ofis a Rabah, duk Juma'a da yamma yake dawowa gidanmu na Wurno da ita a jaka. Mutum ne mai barkwanci da ba ya gajiya. Wata rana ya cire ɗan kiɗan nan da kwamfuta ke yi in an kunna ta, ya ɗauki muryarsa ya sa a wurin. Tun daga ranar, duk wanda ya kunna ta sai ya ji Yaya da ƙarfi yana cewa, "Salamu alaikum mutanen gida. Inna, na komo, a aza tukunya!"

Ciwon kwana huɗu ya yi ya rasu. Wayarsa ta ɓata a hidimar jinya, ba mu da kaset ɗinsa, ba mu da bidiyo. Wannan 'yar sallamar da ba ta kai daƙiƙa goma ba ita ce kaɗai muryarsa da ta rage a duniya. Da aka raba gado kwamfutar ta faɗo hannuna, don ni ne malamin makaranta, ni ke da abin bugawa.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da haƙori. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ko "yayanku". In ya kira ta ba ta amsawa, sai ta juyo gare ni ta ce, "Jiyo mi shika so," alhali yana tsaye a gabanta. Ranar da ya rasu ita ce ke ba mata haƙuri, idonta a bushe. Ina ganin duk sa'ad da zan kunna kwamfutar da safe sai shara ta kawo ta bakin ƙofar ɗakina. Ina gani, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa bakin ƙofata ya fi ko'ina datti a gidan ba.

Shekara biyu ina fama da kwamfutar nan. Ta tsufa, tsarin da ke tafiyar da ita ya cika da bairos da nake kwasowa a filash daga makaranta da shagunan buga takardu. In na kunna ta sai in yi alwala in dawo ba ta gama farkawa ba. Ni kuwa Allah bai hore mini haƙuri ba, kowa a gidanmu ya shaida. Sau biyu ina ɗaga ta sama da niyyar in buga da ƙasa.

Akwai wani ma'aikacin lafiya, Kirista ne daga wajen Zuru, da ya zauna a unguwarmu shekaru kafin a mayar da shi wani ƙaramin asibiti a Goronyo. Likita muke ce masa. Wata rana ya shigo Wurno, ya tarar da ni ina zagin kwamfutar kamar tana ji. Ya yi dariya, ya buɗe tasa wadda ta fi tawa tsufa, kafin in gyara zama ta riga ta buɗe. Ya ce abin da ke cikinta Linux ake kiransa, ba saye ake yi ba, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suke rubuta shi, kowa yana iya leƙa cikinsa ya gyara ya ba wani. Ya ba ni filash ya ce in gwada tukuna: in na soka shi kafin in kunna, injin zai tashi daga filash ɗin, ba zai taɓa komai na ciki ba.

Mako biyu ina gwaji, kuma abin ya shiga raina. Ba nauyi, ba bairos. Na sami inda ake sa haruffanmu masu lanƙwasa, na buga ƙ da ɗ da ɓ ba tare da na yi dabara ba, na koma Larabci da danna maɓalli biyu. Sai dai duk ranar da na tashe ta daga filash, Yaya ba ya sallama. A cikin makonnin nan sau biyu Inna ta ce mini daga tsakar gida, "Wanga abu naka ya lalace na?" Na ce mata lafiyarsa lau, bai ma taɓa yin lafiya irin ta yanzu ba. Ta ce madalla.

Likita ya gargaɗe ni ta waya. Ya ce in na tashi girka shi gaba ɗaya, in bar tsohon a gefe su zauna tare, in kuma na nace sai na share, to in kwafe komai, in tambayi kowa a gida ko yana da ajiya a ciki. Da na bi shawararsa ta farko da ban rubuta wannan ba. Amma a ranar Larabar makon tsohon tsarin ya haɗiye mini tambayoyin jarrabawa na aji uku, aikin kwana biyar, na rantse ba zai ƙara kwana biyu a ɗakina ba.

Na kwafe takarduna, na kwafe hotuna, har da foldar Yaya ta aikin ofis da ba ta da amfani ga kowa. Sannan na fita na sami Inna a gindin darbejiya tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa na ce, "Inna, zan share dut abin da ke cikin kwamfutag ga in sa sabo. Akwai wani abu da kika so in aje maki?"

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni mi gare ni cikin ƙarhe? Abinka na, yi yadda kag ga dama."

Na tashi ina jin na sauke nauyi. Ɗan gidan nan ne ni, a gabanta na girma, amma na je na tambayi uwa baki da baki ko tana son abin ɗan farinta, na kuma karɓi amsar da ta ba ni. Ko Likita da ba a cikinmu aka haife shi ba da ya san ba haka ake yi ba.

Girkawar ba ta kai awa ɗaya ba. A tsakiya injin ya tambaye ni da baƙaƙe manya ko na tabbata in share komai, na ce na tabbata. Da ya gama na kashe na kunna har sau uku don daɗi. Tana buɗewa shiru, tsaf, kamar sabuwa.

Washegari Juma'a, da hantsi, na jona wayar wuta na danna maɓalli. Na ji ƙarar tsintsiya ta matso bakin ƙofa, sannan ta tsaya. Fuskar kwamfutar ta haska, ta buɗe, ba ta ce komai ba. Ta ƙarƙashin labule ina hango ƙafafun Inna, ba su motsa ba. Ta jima a tsaye. Can na ji an jingina tsintsiya da bango a hankali, ƙafafun suka juya suka tafi. A lokacin ne na tuna da sallamar Yaya.

Na fizgo filash ɗin da na yi kwafi na soka. Na bi folda ɗaya bayan ɗaya, na nemi duk wani abu mai sauti. Babu. Yaya bai ajiye muryar a cikin takardunsa ba, can cikin kayan tsohon tsarin ya cusa ta, wurin da injin ke ɗaukar ƙararrakinsa, wurin da ban taɓa leƙawa ba kuma na share jiya. Na kira Likita, na kasa jera magana. Da ya gane sai muryarsa ta canza.

"Tana kunne yanzu?"

Na ce e.

"Malam, kashe ta. Kar ka tsaya rufe komai, zare wayar daga bango."

Na zare. Ya ce sharewa ba ta kwashe kaya nan take, kamar rumbu ne da aka cire wa alama aka ce babu komai, buhunan suna nan har sai an jibga wasu a kansu. Sabon tsarin ya riga ya danne wani sashe, kuma duk minti ɗaya da ta yi a kunne yana ƙara dannewa. Ya ce bai yi mini alkawari ba. In kawo ta Goronyo gobe da sassafe, kada kowa ya kunna ta a hanya.

Ranar nan Inna ba ta ci tuwon rana ba. Ta ce kanta ke ciwo. Ban iya haɗa ido da ita ba, na yini ina tsawa ga awaki da kaji da duk abin da ya gifta.

Shekarun nan Inna ba ta yarda kowa nata ya bi hanyar Goronyo in ba dole ba, saboda abin da ake ji yana faruwa a ƙauyukan wajen. Da safe na fito da kwamfutar a hannu, na shirya ƙaryar da zan yi mata. Ta dube ni ta ce, "Ina za ka da wanga abu?" Na ce Goronyo, gyara. Na jira faɗa. Sai ta shiga ɗaki, ta fito da zanenta na zuwa biki, ta karɓi kwamfutar ta naɗe ta ninki huɗu, ta ɗaure bakin da kanta. Ta ce, "Hanya ta ɓaci, kar ta bugu. Ka komo kahin rana ta yi sanyi." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ya fi mini zafi a kan ta mare ni.

Motar cike take da 'yan kasuwar albasa da wata tsohuwa da za ta wuce Shinaka duba 'yarta. Ba a hira sosai a hanyar, kowa idonsa na kan daji. Na rungume ƙunshin a ƙirji, duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar a haƙarƙarina. Muna gab da shiga gari aka tsayar da mu a shinge. Wani mai tsaro ya leƙo, ya nuna ƙunshin da baki, ya ce in kwance. Da ya ga laftof ya ce, "Kunna mu gani."

Na ce ba ta da batir. Ya ce kowa haka yake cewa. Raina ya fara tashi, na ji maganar banza tana hawowa maƙogwarona, tsohuwar nan ta taka mini ƙafa a ɓoye. Ya karɓa, ya buɗe, ya ɗora babban yatsansa a kan maɓallin ya danna. Na zuba wa fuskar ido. Ya sake dannawa, ya riƙe. Fuskar ta tsaya baƙa ƙirin. Ya miƙo mini yana tsaki, ya ce in kai ta bola. Shekara biyu ina tsine wa mataccen batirin nan, ranar kuwa har sumbatarsa na so in yi.

Asibitin Likita ɗaki uku ne, wutar sola suke amfani da ita, kuma firijin alluran rigakafi na kan layin. Tun kafin in zauna ya faɗa mini sharaɗinsa: in hadari ya rufe rana, batirin sola ya sauka, firiji ne gaba, zai zare ni. Damina ce, kuma gabas ta riga ta fara duhu.

Ya tashe ta daga filash don kada a taɓa cikinta, ya jona wata ma'ajiya tasa, ya buɗe wata manhaja da ba ta da ado ko kaɗan, baƙar fuska da fararen baƙaƙe. Ita ma kyauta ce, in ji shi, aikinta ta bi injin lungu-lungu ta tsinto duk abin da bai gama mutuwa ba. A ƙasa ta rubuta sa'o'in da suka rage. Na ƙirga da yatsa, na ga za su kai ni bayan la'asar, motar ƙarshe kuwa ba ta jiran kowa.

Abubuwan suka fara zubowa, ba suna, sai lambobi. Hotunan da na manta, guntayen takardu, tambayoyin jarrabawar nan da suka jawo komai, ga su sun dawo lafiya lau ba wanda ya neme su. Likita ya ware mini masu sauti, ya ba ni abin sawa a kunne, ya tafi wurin marasa lafiya. Na dinga buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙararrawa. Ƙarar kuskure. Wani guntun wa'azi. Ƙarar ruwa. Wata ƙararrawar. Duk wanda na danna, in ya buɗe in ji ƙit, in wuce na gaba. Na yi azahar a barandar asibitin ban san surar da na karanta ba.

Wajen ƙarfe biyu rana ta shige hadari. Akwatin sola ya fara ƙara, tsit, tsit. Likita ya shigo ya duba fitilun akwatin, ya dube ni. Na ce ya ƙara mini rabin awa. Ya ce ba zai iya ba in wutar batirin ta sauka ƙasa da alamar nan. Sai na fashe. Na ce masa shi ya kawo mini wannan masifar, da bai ba ni filash ɗinsa ba da muryar ɗan'uwana tana nan, na ce abubuwan da har yau nake jin kunyarsu, mata masu jiran awo suna ji. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, alluran 'ya'yan mutane ne a ciki." Ya juya ya kashe fankar ɗakinsa, ya kashe fitilun baranda, ya zare cajin wayarsa, ya bar ni da firiji mu biyu a kan layin. Na zauna ina zufa, na rasa inda zan sa fuskata.

Fitilar ta sauka ɗaya. Ruwa ya fara yayyafi a kan kwano. Na ci gaba da dannawa, yanzu ko sauraro sosai ba na yi, in na ji ba murya ba ce sai in tsallake. Na danna wani mai doguwar lamba, sai na ji an ja numfashi kusa da makirufo, irin jan numfashin mai shirin tsokana.

"Salamu alaikum mutanen gida. Inna..."

Daga nan sai shuuu, kamar rediyo ya bar tasha, sannan shiru.

Na maimaita. Na sake maimaitawa. Na kira Likita da ihu, ya zo ya saurara, ya duba girman fayil ɗin, ya girgiza kai. Ya ce sauran an danne shi, sabon tsarin ya zauna a kai, ba manhajar da za ta dawo da shi. Na ce a bari ta gama bi ko akwai wani kwafin. Ya nuna mini fitilar da ta koma ja. Ya kwafe guntun a wuri uku, ya yanke shuuu ɗin ƙarshe, ya rubuta mini a bayan takardar magani yadda zan sa Linux ya riƙa kunna shi in an buɗe, sannan ya zare wayata daga bango. Na ba shi haƙuri a bakin ƙofa. Ya ce in yi sauri, mota.

Na sami motar ƙarshe tana tayar da inji. Na iso Wurno rana ta yi ja, a jiƙe, zanen Inna a cikin rigata tare da kwamfutar. Ta karɓi zanen ta shanya, ta tambaye ni hanya, na ce lafiya. Ba ta tambayi gyara ba.

Har yau Linux ɗin nake amfani da shi, na sa wa malamai da dama a makarantarmu, kuma duk wanda zan sa wa sai na ɗauki hoton injinsa gaba ɗaya na ajiye kafin in taɓa komai, ko ya rantse mini babu abin da yake so a ciki. Suna cewa na cika tsoro. Ba na yi musu bayani.

Lahadi da safe aka kawo wuta. Na bi rubutun Likita layi-layi, na gama, na kashe. Na zauna a bakin katifa ina jira har na ji tsintsiya ta taso daga wajen madafa, tana matsowa, tana matsowa, ta iso bakin ƙofata. Na ƙure ƙarar na danna.

Fuskar ta haska. Yaya ya ja numfashi.

"Salamu alaikum mutanen gida. Inna..."

Tsintsiyar ta tsaya. Wurin da ya saba cewa ya komo a aza tukunya ya zo ya wuce babu komai a cikinsa. Na dafe bakina da hannu. Ya kira ta ya yi shiru, kuma wannan karon ba ta juyo ta ce in jiyo abin da yake so ba.

Daga bayan labule, da wata siririyar murya da ban san Inna na da ita ba, na ji ta ce, "Na'am."

Ta tsaya a nan tana jira ya ƙarasa.